Abin shan tuffa da karamel: me ya sa nawa ya tsinke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka. Da zarar kaka ta shigo, daga Satumba har Nuwamba, duk inda mutum ya leƙa sai ya ga abin sha na tuffa da karamel. A wata walimar wurin aikinmu an haɗa shi, ƙamshi ya cika ɗakin, amma akwai giya a ciki, don haka ko taɓawa ban yi ba. Da na koma gida na gwada nawa marar giya: ruwan tuffa na kwali, karamel ɗin kwalba irin wanda ake zubawa a kan askirim, garin kirfa da ƙanƙara. Sai ya fito da gudaji, mai yana yawo a sama, ga zaƙi har ya ginshe ni. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsala biyu ce ta haɗu miki a kofi ɗaya, kuma duk biyun daga kwalbar karamel ɗin nan suka faro.

Juya kwalbar ki karanta abin da aka haɗa ta da shi. Za ki ga madara ko kirim, wani lokacin har da bota. An yi ta ne don a kwarara a kan abu mai sanyi a ci da cokali, ba don a narkar da ita a ruwan 'ya'yan itace ba. Ruwan tuffa yana da tsami fiye da yadda harshe ke gaya miki, domin sukarin da ke cikinsa yana rufe tsamin. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙanƙantar lamba ke nufin yawan tsami, ruwan tuffa yana tsakanin 3.3 da 4, ita kuwa madara tana dunƙulewa idan aka kusanci 4.6. Ke nan abin da kika yi bai da maraba da aikin mai awara lokacin da ta zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya: ruwa ya ware gefe, gudaji su ware gefe. Sai kuma ƙanƙara ta zo ta daskarar da kitsen botar, shi ne man da kika gani yana yawo. Ko kin kwana kina girgizawa ba za su shirya ba.

Ta biyun ita ce zaƙi. A haɗin da kika gani a wurin aiki, giyar tana da aikin da take yi. Yawanci wuski ne irin na jihar Kentucky da ake yi da masara, ko barasar tuffa irin Calvados ta yankin Normandi a Faransa. Waɗannan suna da zafi a maƙogwaro da ɗan ɗaci da bauri, su ne ke karya zaƙin karamel. Idan aka zare su ba a sa komai a gurbinsu ba, abin da ya rage sukari ne a kan sukari. Mai son yin wannan haɗin ba tare da giya ba dole ya nemo ɗaci da tsami da yaji daga wani wuri. Na daɗe ina haɗa abin sha a kicin na otal, kuma a ganina wanda aka yi da kyau ta wannan hanyar ba ya jin kunyar zama kusa da wancan.

Mu fara da ruwan tuffar, tunda shi ne mafi yawa a kofin. A Amurka abin da aka rubuta wa apple cider ruwan tuffa ne da aka matse ba a tace shi sosai ba, gurɓatacce mai launin ƙasa-ƙasa, kuma babu giya a ciki. Mai giyar shi ake rubuta wa hard cider. Amma a Ingila da Faransa cider kai tsaye giya ce, saboda haka masu karanta wannan daga can su yi hattara, su nemi gurɓataccen ruwan tuffa kawai. Shi gurɓataccen nan ya fi garai-garai na kwali nesa ba kusa ba, don yana da jiki da ƙamshin ɓawo. Na kwali ma yana yi idan babu wani, muddin an rubuta kashi 100 ne ba a ƙara sukari ba, sai dai ki zuba shi a tukunya ki dafa har kashi ɗaya cikin uku ya ƙone, ɗanɗanonsa ya tattaru. Mutanen jihar Vermont ta Amurka da maƙwabtansu sun daɗe suna dafa ruwan tuffa har ya yi kauri su ajiye don hunturu.

Akwai abin lura idan a gona kika sayo. Wasu gonakin suna sayar da ɗanyen ruwa wanda ba a ɗumama shi an kashe ƙwayoyin cuta ba. A 1996 irin wannan ruwan ya jawo ɓarkewar cutar E. coli a yammacin Amurka har aka rasa ran wata ƙaramar yarinya, kuma daga 1998 hukumar abinci da magunguna ta FDA ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin irin waɗannan kwalabe. Idan da yara ko mai juna biyu ko tsoho a gidan, ki ɗora shi a wuta ya kai digiri 71 na Salshiyas, wato 160 a ma'aunin Faranhait da kuke amfani da shi a can, sannan ki bari ya huce. Wani dalilin ma ya fi shafar mu: ɗanyen ruwan tuffa yana ɗauke da yis ɗinsa na halitta, kuma ko a firji yake, idan ya daɗe zai fara tsima da kansa. Duk ranar da kika ga robar ta kumbura, ko kin buɗe ta yi tsit, ko ruwan yana ɗan cizon harshe, to ya kama hanyar zama abin da kika guda.

Idan da kanki za ki matse, kar ki yi da iri ɗaya. Kina zaune a gidan tuffa: tuffar da ake kira Honeycrisp Jami'ar Minnesota ce ta fitar da ita a 1991, ita ce ma 'ya'yan itacen jihar a hukumance, ga ruwa ga zaƙi. Amma ita kaɗai ba ta isa wannan aikin ba. Ki haɗa ta da Haralson, wadda ita ma daga jami'ar ta fito kuma tsaminta ya fi, ko koriyar nan Granny Smith da ake samu ko'ina. Biyu masu zaƙi, ɗaya mai tsami. Ki tsoma su a ruwan zafi ki goge kakin da ake shafa musu, ki cire 'ya'yan ciki don suna kawo ɗaci idan aka niƙa, ki bar ɓawon. Ki markaɗa a bilenda da ɗan ruwan lemon tsami, ki tace a tsumma mai tsabta. Kilo ɗaya yakan ba da wajen rabin lita. Zai yi duhu cikin 'yan mintuna saboda iska, wannan ba lalacewa ba ce.

Yanzu karamel. Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake so ki ba ni hankalinki. Za ki ƙona sukarin da kanki, ki kashe shi da ruwan tuffa a maimakon kirim. Abin da zai fito ruwan zaƙi ne mai duhu wanda ke narkewa a abin sha mai sanyi nan take, ba ya tsinkewa don babu madara a cikinsa.

Ki nemi tukunya mai kaurin gindi, mai zurfi, mai farin ciki. Baƙar tukunyar nan da abinci ba ya kamawa ba ta dace ba, domin da ido ake wannan aikin, kuma a baƙin ciki ba za ki ga launi ba sai bayan ya wuce. Ki zuba farin sukari giram 200, kofi ɗaya ke nan, da ruwa mililita 60, da ɗigo kaɗan na lemon tsami. Lemon yana farfasa wani ɓangare na sukarin yadda ba zai sake komawa tsaba ba. Ki juya sau ɗaya ya jiƙe, ki kunna wuta matsakaiciya, ki ajiye cokalin. Daga lokacin da ya fara tafasa kar ki ƙara sa masa cokali. Ƙwayar sukari ɗaya da ta maƙale a jikin cokali ta faɗa ciki tana iya mayar da tukunyar gaba ɗaya yashi. Idan kin ga tsaba ta taru a bangon tukunya, ki rufe da murfi na minti ɗaya, tururin zai wanke ta.

Tun kafin ki kunna wutar nan, ki riga ki ɗumama ruwan tuffa mililita 250 ki ajiye a gefen hannunki. Ba za ki samu lokacin nemansa daga baya ba.

Da farko kumfar manya ce, tana tashi da sauri da ƙara, ruwa ne ke fita. Can sai ta koma ƙanana, ta yi nauyi, ƙarar ta ragu. Za a ɗauki mintuna kamar babu abin da ke faruwa, kuma a nan ne mutane ke juya baya su duba waya. Kar ki matsa. A wajen digiri 160 na Salshiyas gefen tukunya zai fara rawaya, yawanci ta ɓangaren da wuta ta fi ci. Ki kama hannun tukunyar ki ɗan kaɗa ta a hankali launin ya zagaya. Daga rawaya zuwa ruwan zuma zuwa ja mai duhu abin na 'yan daƙiƙu ne, ba mintuna ba. A cikin tukunya yakan fi duhu fiye da ainihinsa saboda zurfi, don haka ki ɗiga ɗigo ɗaya a farin faranti ki gani.

Yawancin masu koyo suna saukewa da wuri, tun yana launin zuma, don tsoron ƙonewa. Wannan karamel ɗin zaƙi ne kawai mai launi, zai mayar da ke inda kika fito. Ki daure ki bar shi ya kai ja mai duhu, wajen digiri 175 zuwa 180, daidai lokacin da siririn hayaƙi na farko ya tashi kuma ƙamshin ya koma na gasasshen abu. A wannan matakin zafi ya farfasa wani kaso na sukarin ya zama sinadarai masu ƙamshi da ɗan ɗaci, zaƙin ya ragu. Wannan ɗacin shi ne rabin abin da giya ke yi a haɗin da kika gani. Amma idan ya wuce 190 ya yi baƙi, hayaƙi yana shiga ido, babu gyara, a zubar a sake. Sukari kofi ɗaya ne, ba asarar kuka ba ce.

Ki sauke daga wuta, ki ja fuskarki baya, ki zuba ɗumammen ruwan tuffar kaɗan-kaɗan da miƙaƙƙen hannu. Zai yi tsalle, ya yi kumfa ya taso, tururi ya turnuƙe. Dalilin neman tukunya mai zurfi ke nan. Wani ɓangaren zai daskare ya zama dunƙule a gindin tukunya, kar ki damu. Ki mayar kan wuta kaɗan, yanzu kam ki juya, zai narke duka. Ki jefa sandar kirfa ɗaya, kanumfari uku, da gishiri kwatan ƙaramin cokali, ki bar shi minti biyar ba tare da tafasa mai ƙarfi ba, ki sauke ya huce da kayan ƙamshin a ciki, sannan ki tace a kwalba. Za ki samu wajen mililita 300, kuma zai yi mako biyu a firji.

Gishirin nan kar ki raina shi. Mutanen yankin Bretagne da ke arewa maso yammacin Faransa sun daɗe suna sa gishiri a botarsu, kuma wani mai alewa a garin Quiberon, Henri Le Roux, shi ya shahara da karamel mai gishiri tun 1977. Ba a so a ji gishirin a baki, aikinsa ya danne kaifin ɗaci ya fito da ƙamshin tuffa. Kanumfari kuwa uku na ce, uku nake nufi. Mu da muka saba cika shi a kunun aya da zoɓo hannunmu yana da nauyi, a nan kuma idan ya yi yawa ba za a ji komai ba sai shi. Kirfa kuma sanda, ba gari ba. Garin kirfa ba ya narkewa, yawo yake yi a sama, idan ya jima a ruwa ma ya yi yauƙi.

Kafin mu bar murhu: narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi da nisa, kuma yana manne wa fata ya ci gaba da ƙuna. Yara su fita daga kicin. Kar a ɗanɗana da yatsa. Idan ya fallatsa miki, ki sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja. Idan ƙunar tana da faɗi ko a fuska take, asibiti.

Saura abin da zai cike gurbin giyar. Abu uku nake amfani da su. Baƙin shayi mai ƙarfi, jaka biyu a ruwan zafi mililita 150 na minti biyar, a bari ya huce. Shi ke ba da baurin nan da ke busar da harshe ya sa mutum ya so ƙara kurɓa. Sai ɗanyar citta da aka goga aka matse ruwanta, ita ke ba da zafin maƙogwaro. Sai lemon tsami da aka matse a lokacin, ba na roba ba. Wasu suna ƙara rabin ƙaramin cokali na khal ɗin tuffa. Ni ina sa shi idan ruwan tuffar na kwali ne, don yana farfaɗo da shi, amma idan na gona ne mai tsaminsa ba na buƙata.

Ga awon kofi ɗaya. Ruwan tuffa mililita 120, shayi 30, ruwan karamel 20, lemon tsami 15, ruwan citta rabin ƙaramin cokali. Babban cokalin awo mililita 15 ne, idan ba ki da abin aunawa. Ki zuba su a kwalba mai murfi, ko wankakkiyar kwalbar jam ta isa, ki cika rabinta da ƙanƙara, ki rufe ki girgiza da ƙarfi na daƙiƙa goma zuwa sha biyar, har jikin kwalbar ya yi raɓa. Girgizar ba sanyaya shi kawai take yi ba, tana narkar da ƙanƙara ta ƙara masa ruwa kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma an yi awon ne da lissafin wannan ruwan. Ki tace a kofin gilashi a kan sabuwar ƙanƙara, manyan guda, don ƙanana suna saurin narkewa su salance shi. Idan kina son kumfa, ki ƙara ruwan soda marar zaƙi kaɗan a sama bayan kin juye. Kar ki sa soda a kwalbar girgizawa, murfin zai tashi.

Ki kurɓa kafin ki miƙa wa kowa. Tuffa ba ta da awo ɗaya, ta farkon Satumba daban ta ƙarshen Oktoba daban. Idan zaƙi ya rinjaya, lemon za ki ƙara, ba ruwa ba. Idan ya yi salam, ɗan gishiri a bakin yatsa. Idan ya yi kaifi, rabin cokali na karamel.

Kwalbar da kika riga kika saya kuwa ba asara ba ce, wurinta bakin kofi ne. Ki shafa kaɗan a faranti, ki kifa bakin kofin a kai, sannan ki dangwala a sukari da aka cuɗa da garin kirfa. Ni rabin bakin nake yi, don mai sha ya zaɓi ɓangaren da yake so. Sai siririn yanka na tuffa da aka shafa wa lemon don kar ya yi duhu.

Da sanyin Minnesota ya kankama za ki fi son mai zafi. Awon bai canja ba, sai dai ki rage lemon zuwa rabi, don zafi yana fito da tsami, ki ƙara ruwan zafi cokali biyu a madadin ƙanƙarar. Ki ɗumama kar ya tafasa. A nan ne kirim yake da hurumi: kirim mai kauri, wanda kitsensa ya kai kashi 36, a buga shi ya yi laushi a ɗora a sama. Yawan kitsen yana kare shi daga tsinkewa, kuma ba a juya shi a ciki, ta ƙarƙashinsa ake kurɓa.

Tunda giya kike gudu, akwai wurare biyu da take ɓuya a girke-girken da za ki gani a intanet, har waɗanda aka ce marasa giya ne. Ruwan banila na ainihi, a dokar Amurka, dole ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin ɗari. Ɗigon ɗacin nan na Angostura da ake sawa a koktel ya haura kashi 44. Hukuncin ɗigo kaɗan a abinci magana ce ta malamai, kuma sun yi saɓani a kai, amma a wannan haɗin ba kya buƙatar ko ɗaya: karamel mai duhu da shayi sun riga sun yi aikinsu, idan kuma banila kike so akwai sandarta da garinta. Kuma kar wani ya ce miki a zuba giyar a dafa za ta ƙone. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana dafawa kusan kashi 40 na barasar yana nan.

Rashin giya bai mayar da shi ruwan sha ba. Ruwan tuffa yana da sukari wajen giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100, idan aka haɗa da karamel kofi ɗaya ya kai giram 25 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a yini, ta ce ma 25 ya fi. Mai ciwon sukari ya san da wannan kafin ya karɓi kofi na biyu.

Masu karantawa daga gida, inda tuffa 'yar shigowa ce daga irin su Afirka ta Kudu kuma ana sayar da ita ɗaya-ɗaya da tsada, ba sai kun matse ba. Na kwali da aka ɗan dafa ya wadatar, a sayi koriya guda ɗaya a goga a ciki ya kwana a firji a tace. Mazarƙwaila tana ba da ɗanɗano mai kyau, amma kar a ƙona ta, don tana da duhu tun asali ba za a gane lokacin saukewa ba, kuma tana saurin ɗaci. A yi karamel ɗin da farin sukari, a narka ɗan gutsuren mazarƙwaila a ciki bayan an zuba ruwan tuffa.

Idan baƙi za ki yi, ba za ki tsaya girgiza kofi-kofi ba. Na mutum goma: ruwan tuffa lita ɗaya da mililita 200, shayi 300, karamel 200, lemon tsami 150, ruwan citta babban cokali ɗaya da rabi, sai ruwa mai sanyi mililita 350 a madadin wanda ƙanƙara za ta narkar. Karamel da shayi ki yi su tun jiya, lemon da citta kuwa sai ranar, don idan suka kwana ƙamshinsu yana dushewa. Ki haɗa a jug ki sa a firji awa biyu, ki juya kafin zubawa saboda gurɓataccen ruwan tuffa yana kwanciya, ƙanƙarar kuma a kofuna za ta shiga, ba a jug ba.